Igiyar da Jibirilla Bai Aika Yauri Ba

Jibirilla mai gyaran wayar mota ne a Sina'iyya ta Riyad, unguwar da babu komai a cikinta sai warsha, wato garejin gyaran mota, a jikin warsha da ƙarar guduma. Mutumin Yauri ne. Ya shigo Saudiyya da bizar direban gida, ya yi shekaru yana kai 'ya'yan wani Balarabe makaranta yana ɗauko su, har aka lura cewa duk motar da ta ƙi tashi a layin shi ake kira. Daga nan aka mayar da kafalarsa, wato izinin zamansa da aikinsa, hannun wani mai warsha, ya koma sana'arsa ta asali.

A bakin ruwa aka haife shi. Mahaifinsu fito yake yi, yana ƙetarar da 'yan kasuwa da buhunan albasa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Da ya rasu, babban ɗansa Dalhatu ya karɓi jirgin. Jibirilla ya so ya zauna tare da shi, amma Dalhatu ya ƙi. Ya kama hannunsa ya kai shi garejin wani mai gyaran waya a cikin gari, ya ce mutum ɗaya ya ishi ruwa a gidansu. Tun daga lokacin Dalhatu ya zame masa uba. Shi ya yi masa aure, shi ya raka shi tasha ranar da zai tafi Kano ya hau jirgin sama.

A Riyad, Jibirilla yana zaune a wani tsohon gida a Ulaisha, ɗaki ɗaya da Oumarou, mutumin Maradi, wanda ke jan tankar ruwa zuwa wuraren gine-gine a Dir'iyya. Rayuwarsa ba ta da yawan lanƙwasa. Warsha, masallaci, ɗaki. Ranar Juma'a bayan an sauko, su ci shinkafa da kaza a unguwar Batha, ya dawo ya kira gida. Ba ya shan taba, ba ya kallon ƙwallo. Abin da kawai abokan aikinsa suka sani game da shi shi ne ba ya mayar wa mutum mota sai ya gwada ta da kansa.

Wata rana da hantsi wata babbar jif ta shigo warsha tana jan farin jirgin ruwa a kan tirela. Duk ma'aikatan layin suka fito kallo, 'yan Pakistan da 'yan Yaman da 'yan Sudan, don ba kullum ake ganin jirgin ruwa a garin da babu kogi ba. Mai shi, wani mai suna Abu Turki, yana jan sa zuwa tekun Sharƙiyya ne, can gabas wajen Dammam, a ƙarshen mako. 'Ya'yansa suna hawa wani allo a bayan jirgin, suna riƙe da igiya yana jan su, kuma kullum sai sun yi masa ƙorafin cewa gudunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya: ya ƙara su faɗi, ya rage su nutse. Shi ne ya sayo na'urar riƙe gudu ta intanet, irin ta mota wadda Larabawa ke kira musabbit, amma wannan ta jirgi ce. Ya zaga warsha da yawa, kowa ya ce shi mota ya sani.

Jibirilla ya hau jirgin ya zauna a kujerar matuƙi. Ya dudduba wayoyin da na'urar. Sannan ya ce a bar masa.

Aikin ba shi da wuya ga wanda ya fahimce shi. Akwai ɗan ƙaramin moto mai aiki da lantarki da ake haɗa shi da wayar totur, shi ke ja yana saki. Akwai ɗan akwati da ke karanta gudun jirgi daga tauraron ɗan'adam ya gaya wa moton abin da zai yi. Sai maɓallai a gaban matuƙi. Abin da ya tsaya wa Jibirilla a rai ɗaya ne. A mota, da ka taka birki musabbit ya saki. Jirgi ba shi da birki. Abin da yake da shi wata jan igiya ce mai murɗe-murɗe, kai ɗaya a maƙale a makunni, ɗaya kan a ɗaure a hannun matuƙi. In matuƙi ya faɗi, igiyar ta fizge, inji ya mutu. Jibirilla ya haɗa wayoyin yadda in igiyar ta fita, inji da musabbit za su mutu tare.

Ya ɗaga ta ya nuna wa Abu Turki. Da Larabcinsa na warsha, yana kiransa mudir, wato maigida, ya ce, "Wannan ita ce birkinka, ya mudir. Kada ka kunna musabbit ba ta hannunka."

Abu Turki ya ce to ai sai ya zo su gwada tare. Ranar Juma'a suka kama hanyar Dammam, Jibirilla a kujerar baya tare da kulolin abinci. Da aka sauke jirgin ya ji ya yi lilo a ƙarƙashin ƙafarsa, sai ya ji idonsa ya kawo ruwa, ya juya baya kamar yana duba inji. Rabonsa da hawa ruwa tun kafin ya bar gida. Ya kai jirgin gudun da ake so, ya danna maɓalli, ya ɗauke hannu. Igiyar ruwa ta taso musu, moton ya ƙara ja da kansa, gudun bai canza ba. Abu Turki ya yi ta dukan kafaɗarsa yana cewa mu'allim, wato gwanin sana'a. Kafin wata ya ƙare abokansa biyu sun kawo nasu jiragen.

A cikin wannan lokacin ne Hansai, matar Dalhatu, ta karɓi waya wata Juma'a kafin mijinta ya iso. Tsakaninta da Jibirilla akwai wasan ƙanin miji, kullum da tsokana take farawa. Ran nan ba ta yi ba.

Ta ce, "Jibirilla, hannun Yayanka na dama ba lafiya. Yana cewa ya mutu masa, kamar ba nasa ba. Shekaranjiya kofin shayi ya suɓuce masa. Ga ciwon kai. Na ce ya je asibiti ya ce ba ya da lokaci. Ka yi masa magana, kai yana jin taka."

Ya ce zai yi. Da Dalhatu ya karɓi wayar, Jibirilla ya ɗan kewaya, sannan ya ce ya ji an ce hannu na damunsa, ko zai leƙa asibiti a auna shi.

Dalhatu ya yi dariya. "Ita ta gaya maka ko? Babu komai. Totur ne. 'Yar ƙusar da ke riƙe shi ta cinye, sai na murɗa na riƙe tun daga nan har ƙetare. Ga jijjigar inji. Ko kai ne hannunka zai mutu."

Jibirilla ya san ya kamata ya nace. Amma bai taɓa ja da Yayansa a kan komai ba, kuma amsar da aka ba shi ta faɗo daidai wurin da ya fi ƙwarewa. Tun kafin su ajiye waya ya fara zana abin a kansa. Hutunsa ma ya kai a lokacin, da ya so da ya je gida ya sa Dalhatu a gaba har asibiti. Sai kafilinsa, mai warshar, ya roƙe shi ya ɗaga tafiyar, tunda jirage sun fara zuwa kuma babu mai taɓa su sai shi. Ya yarda, kuma ba a tilasta masa ba. Daɗin sunan mu'allim yake ji.

Ya shiga tashlih, inda ake zubar da matattun motoci, ya ciro moton musabbit daga wata tsohuwar mota. Ya sayi ɗan akwatin karanta gudu. Ya haɗa komai a cikin roba mai murfi wadda ruwa ba ya shiga, ya yi yadda batirin babur zai iya ɗaukarsa, ya sa maɓalli kore na kamawa da ja na saki. Bayan an tashi daga aiki yake yi, a kan tabarma a ɗaki, Oumarou na riƙe masa waya yana liƙawa da dalma.

Abu ɗaya ya rage. Injin Dalhatu tsoho ne, kuma makunnin igiyarsa an daɗe da yanke shi an haɗe wayoyin, kamar yadda yawancin masu fito ke yi in ya fara ba su matsala. Dole sai da sabo. A Riyad bai samu ba, sai ya sa a aiko masa daga Dammam. Bai iso ba har ranar da wani direba ɗan Kebbi, wanda ya yarda zai tafi da kayan, ya zo ɗaki da jakarsa yana cewa jirgin saman da zai hau da yamma ne. Jibirilla ya tsaya da robar a hannu yana tunani. In bai ba shi ba, bai san ranar da zai sake samun mai zuwa har Yauri ba, ga Dalhatu na fama da hannu. Ya miƙa masa. Ya ce igiyar za ta biyo baya.

Wanda ya ɗaura na'urar a Yauri shi ne Maulud mai gyaran janareta, abokin Dalhatu tun suna yara. Ta bidiyo suka yi aikin, Jibirilla a bakin warsha yana cewa a matso da waya ya gani, Maulud a cikin jirgi yana nuna masa kowace waya kafin ya haɗa. Da aka gama, Jibirilla ya sa aka ba Dalhatu wayar, ya yi masa bayanin kore da ja. Ya ce akwai igiyar hannu da zai aiko, kuma kafin ta iso ya yi hankali.

Dalhatu ya ce, "Wace igiya kuma? Akuya ce ni da za ka ɗaure ni a jirgina?"

Maulud ya yi dariya, Jibirilla ma ya yi.

Abin ya yi aiki fiye da yadda suka zata. Dalhatu ya aiko da bidiyonsa a tsakiyar ruwa, ya maƙale sandar inji a hammata, yana ɓare gyaɗa da hannu biyu yana dariya. Ya ce mai ma ya fi kai masa. 'Yan tasha suka laƙaba wa jirgin suna Ɗan Riyad. Jibirilla ya nuna wa kowa bidiyon a warsha, har kafilinsa. Da Hansai ta sake tayar da maganar asibiti, ya ce mata, "Ai kin ga ya daina kuka da hannun." Ta ce haka ne. Ba ta ƙara tayarwa ba.

Makunnin da igiyarsa sun iso ba da daɗewa ba. Ya rataye su a ƙusa a saman katifarsa don kada ya manta. Mutane sun yi ta tafiya gida bayan nan. Wani ya ce jakarsa ta cika. Wani Kano zai tsaya, Jibirilla ya ce kada abin ya ɓata a hanya. Wani kuma sai da ya tafi sannan Jibirilla ya tuna. Daga baya ya yanke cewa shi zai kai da kansa in ya je hutu, ya ɗaura da hannunsa yadda ya kamata. In abin ya taso masa a rai sai ya tuna maganar akuya, ya ce ko an kai ma Yaya ba zai ɗaura ba. Sanyi ya wuce, zafin Riyad ya shigo, igiyar tana nan a ƙusa har ƙura ta dusashe janta.

Yana kwance a ƙarƙashin sitiyarin wata mota yana bin waya, da safe, Maulud ya kira. Maulud ba ya kira sai an kira shi, don haka Jibirilla ya fito ya tashi zaune kafin ya ɗauka.

"Jibirilla, ka yi haƙuri. Jirgin Dalhatu ya yi hatsari. Yana da rai, muna asibiti."

Sauran labarin a hankali ya same shi, daga bakin Maulud da wasu da ke cikin jirgin. Ranar kasuwa ce, sun taso daga ƙetare da mutane da buhunan albasa. Dalhatu ya danna kore kamar kullum. Sun kusa rabin hanya jininsa ya hau, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ya sulale a gindin inji. Fasinjoji gaba suke kallo, tulin buhuna ya tare tsakaninsu da shi. Da injin ya rage ƙara da kowa ya waiwayo. Bai rage ba. Jirgin ya fara karkata a hankali, suka ɗauka kututture yake kauce wa. Sai da ya miƙi gaɓar da babu tasha sannan wani mutum ya tashi ya leƙa, ya gan shi kwance. Ya tattaka buhuna ya isa baya, ya murɗa totur baya, bai koma ba, don moton na riƙe da wayar. Bai san da jan maɓalli ba. Yana cikin kokawa da sandar suka daki kututture, mutane da kaya suka zube a ruwa.

Allah ya sa ruwan wurin iyakar ƙirji ne, kuma akwai masunta kusa. Babu wanda ya mutu. Albasa ta tafi. Wata tsohuwa mai sayar da busasshen kifi, Inna Rahina, ta bugu da katakon jirgi, ƙugunta ya karye. Likita ya ce hawan jinin Dalhatu ya daɗe a jikinsa, kuma mutuwar hannun nan gargaɗi ne da ya riga ya zo.

Jibirilla ya koma ƙarƙashin sitiyarin bayan ya ajiye waya. Ya riƙe wayoyi biyu ya kasa tuna wacce ce wacce. Wani ɗan Yaman da ke aiki kusa da shi ya lura, ya karɓi aikin, ya ce ya tafi gida.

Da Oumarou ya dawo da la'asar ya tarar da shi zaune a kan katifa da igiyar a hannu. Ya ji labarin, ya yi salati, ya zauna kusa da shi.

Ya ce, "Ciwo ne ya kama shi, ɗan'uwa. Ko da na'ura ko babu, ranar za ta zo. Kuma kai da bakinka ka ce mini ba zai ɗaura ba."

Jibirilla ya ce, "Da na aika ya ƙi ɗaurawa, da laifin nasa ne. Yanzu nawa ne."

Oumarou ya dafa kafaɗarsa. Ya tashi ya dafa shayi, ya ajiye masa, shayin ya huce a wurin.

Kafilinsa bai ja ba a wannan karon. Ya yi masa bizar fita da dawowa a waya nan take, ya ce Allah ya ba ɗan'uwansa lafiya. Oumarou ya nemi wani mai tasi ɗan garinsu ya kai shi filin jirgin Sarki Khalid. Igiyar tana cikin aljihun jakarsa, shi kansa bai san me zai yi da ita ba.

Abin da ya fi yi masa nauyi a Yauri shi ne yabo. Duk wanda ya zo dubiya sai ya riƙe hannunsa ya ce Allah ya yi masa albarka, ya baro aikinsa ya taho, ya tsaya a kan maganin ɗan'uwansa. A tasha ana cewa ciwo ne ya kayar da Dalhatu, kuma Allah ya kiyaye. Babu wanda ya ambaci na'urar da sharri. Wani mai fito ma ya ja shi gefe ya tambaya ko zai haɗa masa irinta.

An riga an sallamo Dalhatu. Yana kwance a kan katifa a rumfar tsakar gida, bakinsa ya karkace, hannun dama a ajiye a kan cikinsa inda aka ɗora masa shi. Da ya ga ƙaninsa ya miƙo hagu ya kama wuyan hannunsa ya riƙe da ƙarfi. Magana ta tafi, sai kalma ɗaya ta rage masa.

"Sannu," in ji shi.

Jibirilla ya durƙusa. "Yaya, ya jiki?"

"Sannu."

"Kana jin ciwo a wani wuri?"

"Sannu. Sannu."

Idanunsa lafiya lau suke, suna bin komai. Jibirilla ya kasa gane ko tuhuma ce a cikinsu ko murnar ganinsa, kuma babu hanyar tambaya.

Ya yi kwanaki yana juya shi, yana kai shi bayan gida, yana matsa masa ƙafa yadda aka nuna musu a asibiti. Hansai tana gaishe shi, tana ajiye masa abinci, amma wasan nan nasu babu shi. Wata safiya ya same ta a bakin murhu tana dama kunu. Ya tsuguna nesa kaɗan.

Ya ce, "Akwai abin da ban gaya miki ba. Na'urar nan ba ta cika ba na aiko ta. Akwai igiyar da in ya faɗi za ta kashe inji. Tana wurina tun tuni, ban aiko ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Maulud ya gaya mini."

Ya jira. Ta ci gaba da damu har kunun ya yi kauri, ta sauke.

"Ni ban san igiya ba, Jibirilla, ban san inji ba. Abin da na roƙe ka shi ne ka sa shi ya je asibiti. Na yi magana, ƙannensa mata sun yi, bai ji ba. Kai kaɗai ne in ka tsaya a kan abu yake yi, kai ma ka sani. Sai ka aiko masa da abin da zai hana shi jin hannun."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta zuba kunun a kofi, ta sa cokali, ta miƙa masa.

"Kai masa. Ta gefen hagu za ka riƙa ba shi, kaɗan-kaɗan, kada ya shaƙe."

Ya karɓa ya kai. Kunun ya zuba a wuyan rigar Dalhatu, ya goge da gefen hannun tasa rigar.

Kafin hutunsa ya ƙare ya shiga jirgin wani ya ƙetara ƙauyen Inna Rahina. Ya same ta a ɗaki a kwance, an ɗaure mata ƙugu irin ɗaurin gida, ƙamshin hayaƙin kifi ya kama komai na ɗakin. Ya gaishe ta, ya ce shi ƙanin Dalhatu ne. Ta ce ta san shi tun yana tsirara a jirgin ubansa. Ya gaya mata duk abin da ya faru, da na'urar, da igiyar, bai rage ba. Ta saurara har ya gama. Bai tabbata ta fahimci zancen wayoyin ba, amma ta fahimci cewa gafara ya zo nema.

Ta ce, "Na ji. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Shi Dalhatun yana cin abinci?"

Ya ce yana ci.

"To madalla. An ce a Makka kake?"

Ya ce a ƙasar dai yake, amma garinsu da nisa da Makka, tafiyar yini ce a mota. Ta ce duk ɗaya ne. Ta ce ita ta yi ta tara niyya ba ta samu zuwa ba, yanzu kuma ga ƙafa. In ya je ɗakin Allah ya ambaci sunanta, Rahina 'yar Mamane, don a san da ita a can.

Ya sayo mata keken marasa lafiya a Birnin Kebbi ya kai mata da kansa. Ƙauyen yashi ne, ƙafafun keken suka riƙa nutsewa, ba a iya tura shi ko zuwa ƙofar gida. Suka ajiye shi a bakin ɗaki, in rana ta yi sanyi a ɗauko ta a zaunar da ita a kai ta ga mutane.

Ya yi tunanin zama gaba ɗaya. Ya faɗa wa Hansai, ta ce in ya zauna wa zai riƙa sayen magani. Ya faɗa wa matarsa, ta ce duk abin da ya yanke. Ranar da zai tafi ya durƙusa gaban Dalhatu ya ce Yaya zan koma. Dalhatu ya kama wuyan hannunsa ya ce sannu, ya daɗe bai saki ba, sai da Hansai ta zo ta zare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Yana nan a Riyad har yanzu, a warshar nan, a ɗakin nan na Ulaisha. Jirage suna zuwa jefi-jefi kuma yana yi musu aiki, don sana'arsa ce. Ya rage magana. In an ce masa mu'allim ba ya amsawa da sauri. Dalhatu ya fara zama da kansa, ya koyi cin tuwo da hagu, kuma kalmominsa sun ƙaru kaɗan: yana cewa ruwa, yana cewa Hansai. An gyara jirgin an ba wani ɗan'uwansu yana fito da shi. Maulud ya cire na'urar ya sa a buhu a shagonsa, ya tambayi Jibirilla abin da za a yi da ita, Jibirilla ya ce zai gaya masa, bai gaya masa ba.

Inna Rahina ba ta sake takawa ba. Ta rasu da damina. Maulud ne ya aiko da saƙon murya, Jibirilla ya saurara a tsaye a bakin warsha da hannu duk baƙin mai. A ƙarshen makon ya je Batha ya shiga motar masu umara. Ya ɗaura harami a miƙati, ya yi niyya da sunan Rahina 'yar Mamane, ya yi ɗawafi da sa'ayi a cikin cunkoso da zafi, aka aske masa kai, ya shiga mota ya juyo.

Ya iso Ulaisha da safe, Oumarou na shirin fita wurin tankarsa. Ya yi masa barka da dawowa, ya dubi kansa da aka aske, ya ce, "To, ka ji sauƙi?"

Jibirilla ya ajiye jakarsa. Ya ce, "Na dai yi mata."

Ya yi wanka, ya sa kayan aiki, suka fita tare har bakin titi, kowa ya nufi wurin aikinsa.